KWARI DA BAKA: Yadda Zafi Ke Kashe Baka Tun Yana Rataye

Duk da yawan bindigogin da suka cika ƙasar nan, har yanzu kwari da baka ba su bar aiki ba. Maharbi yana shiga daji da su, makiyayi yana saɓe da su a bayan shanunsa, manomi yana ajiye su a zaure saboda ɓarawo da birin da ke yi masa ɓarna a gona. Haka kuma a Ikko da Badun da Anacha da Fatakwal akwai 'yan Arewa da yawa masu aikin gadi, waɗanda in dare ya tsala ba su da abokin zama sai tocila da usur da baka.

Ba kuwa yau baka ya fara riƙe ran mutane ba. A yaƙin Tafkin Kwatto, cikin watan Yuni na 1804, jama'ar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo dawakinsu ba su wuce 20 ba, amma 'yan bakansu suka tsaya wa mahayan Sarkin Gobir Yunfa har suka kore su. Har gobe akwai sarautar Sarkin Baka a garuruwan Arewa da yawa. A 2014 ma maharba sun taimaka wajen ƙwato garin Mubi daga hannun 'yan Boko Haram, kuma cikin makaman da suka fita da su har da kwari da baka.

To, abin da wannan fili zai duba a makon nan shi ne ajiyar baka. Duk wanda ya san kan abin ya san cewa baka ya fi lalacewa a inda aka ajiye shi bisa ga inda ake harbi da shi. Babban abin da ke kashe shi kuwa zafi ne, musamman in ya same shi a ɗame. Mugun abin shi ne, ɓarnar ba ta nuna kanta sai ranar da aka ja bakan da gaske, watau ranar da mai shi ya fi bukatarsa.

WUTAR DA TA GYARA SHI

Baka itace ne da aka tilasta wa tanƙwara, shi kuwa kullum yana neman ya miƙe. Wannan neman miƙewa shi ne ƙarfinsa. Sa'ad da maharbi ya ja tsarkiya, bayan bakan, watau gefen da ke fuskantar abin harbi, yakan miƙe kamar igiyar da ake ja, cikinsa kuwa, gefen da ke fuskantar maharbi, yakan matse. Da an saki tsarkiya sai itacen ya zabura ya koma yadda yake, ya ingiza kibiya gaba. Ranar da itace ya daina neman miƙewa, ya amince da zama a lanƙwashe, ran nan baka ya mutu, ko da kuwa babu tsaga ko ɗaya a jikinsa.

Mai sassaƙa baka ya fi kowa sanin abin da wuta ke yi wa itace. In ya saro reshe ko gora, yakan bar shi ya bushe a inuwa. In ya ga inda ya karkace sai ya shafe wurin da mai, ya kara a wuta, ya danna a gwiwa har ya miƙe, ya riƙe shi haka har ya huce. Da ya huce sai ya zauna yadda aka bar shi. Masana itace sun bayyana dalilin haka. A cikin itace akwai wani sinadari mai kama da danƙo wanda ke riƙe da zaruruwansa. In ya ji zafi, musamman in da ɗan danshi, sai ya yi laushi, zaruruwan su zame su sami sabon mazauni, sa'an nan in ya huce ya sake ƙamewa a kansu.

To, rana ba ta san bambancin mai sassaƙa da mai sakaci ba. Mutumin da ya jingine bakansa a bango cikin rana, tsarkiya tana ɗaure, ya haɗa masa abubuwa biyun nan da mai sassaƙa ke amfani da su, watau zafi da dannawa. Abin da wuta ke yi cikin 'yan mintoci, rana takan yi shi a hankali, yau kaɗan gobe kaɗan. Alamarsa ita ce, in an kwance tsarkiya bakan ba ya komawa yadda yake a da, sai ya tsaya a gantsare kamar har yanzu yana ɗaure. Irin wannan baka yakan yi sauƙin ja, har mai shi ya zaci ƙarfinsa ne ya ƙaru, alhali kuwa kibiyar da a da take huda fata yanzu sai dai ta sosa ta.

HUNTURU, BAZARA DA DAMINA

Zafi ba ya aiki shi kaɗai, tare da ruwan da ke cikin itace yake aiki. Kowane busasshen itace yana shan danshi daga iska, yana kuma mayar mata, gwargwadon yanayin wurin da yake. Masu sana'ar baka na Turai da Amurka, waɗanda ke auna wannan da na'ura, sun tarar baka ya fi lafiya in ruwan da ke cikinsa yana tsakanin kashi 8 zuwa 12 cikin 100 na nauyin itacen. In ya haura haka sai bakan ya yi sanyin jiki, ya riƙa ɗaukar lanƙwasa da wuri. In kuwa ya yi ƙasa da kashi 6, sai ya yi gautsi, ya iya karyewa farat ɗaya.

Mai karatu ya auna wannan da yanayin ƙasar nan. Da hunturu, a Kano ko Sakkwato ko Maiduguri, danshin iska yakan faɗi ƙasa da kashi 20 cikin 100, itacen da ya daɗe a irin wannan iska kuwa ruwansa yakan koma wajen kashi 4 ko 5. Iskar da ke tsaga leɓe da diddige, ta sa ƙyauren ɗaki ya yi sako-sako, ita ce ke shiga jikin baka. Sa'an nan bazara ta zo, cikin Maris da Afrilu da Mayu, zafi ya kai digiri 40 a ma'aunin Santigireti, wani lokaci ya zarce, ya tarar da itacen da ya riga ya bushe ƙayau. Lokacin nan kuwa shi ne tsakiyar farautar rani. Da damina ta sauka sai al'amarin ya juya, itace ya sha ruwa ya kumbura. A Ikko da sauran garuruwan bakin teku, inda danshin iska ke kaiwa kashi 80 ko fiye a yawancin shekara, ruwan da ke cikin itace yakan kai wajen kashi 16.

Saboda haka bakan da aka sassaƙa a Sakkwato aka kai shi Agege ba zai yi harbin da ya saba yi a gida ba, ko da ba a yi masa kome ba. Wanda kuma ya shekara a Kudu aka dawo da shi gida tsakiyar hunturu, yana cikin hatsarin tsagewa, domin bayansa yakan riga cikinsa bushewa. Abin da ya dace a kowane hali shi ne a kwance shi, a shafe shi da mai, a bar shi a ɗaki mako biyu ko uku ya saba da iskar wurin kafin a nemi aiki a gare shi.

Akwai kuma wani canji da mutane da yawa ba su lura da shi ba. Iyaye da kakanni sun saba soke baka a rufin ɗaki, kuma suna da gaskiya, domin ɗakin ciyawa da soron ƙasa ba sa barin zafin rana ya ratso, sa'an nan ɗan hayaƙin da ke tashi yana korar ƙwarin da ke huda itace. Yanzu rufin ya koma na kwano, amma al'adar ba ta canja ba. Ƙarƙashin kwano da tsakar rana kuwa babu inda ya fi shi zafi a gidan duka. Ɗan ƙaramin ɗakin mai gadi na bakin ƙofa, wanda sau da yawa rufinsa kwano ne babu sili, shi ma haka yake. Wanda ya soke bakansa a can, tamkar ya sa shi a tanda ne kullum daga hantsi zuwa la'asar.

TSARKIYA

Tsarkiyar gargajiya da murɗaɗɗiyar fata ake yin ta, halin fata kuwa kowane makaɗi ya san shi. In ganga ta kwana a raɓa muryarta takan mutu, sai an shanya ta a rana ko an kara ta a wuta ta ɗame. Haka tsarkiya take. Da damina takan sha danshi ta saki, maharbi ya ga ta yi sako-sako ya ƙara ɗame ta. In rana ta fito ta bushe, sai ta tsuke ta ja bakan fiye da yadda aka yi shi ya ɗauka, ta kwana tana jansa, mai shi yana barci bai sani ba. In kuma fata ta daɗe a zafi babu mai, takan ƙeƙashe ta tsinke. Tsinkewar tsarkiya lokacin da aka ja baka kuwa ba ƙaramin abu ba ne, domin a daidai fuska take, kuma ido ba shi da madadi.

BAKAN DA AKA HAƊA DA MANNE

Duk abin da ya gabata a kan bakan itace guda ne, irin wanda aka sani a ƙasar Hausa. A ƙasashen Asiya kuwa, tun zamanin da, Turkawa da Mongol da mutanen Koriya sun yi wani irin baka wanda ake haɗa itace da ƙaho da jijiyar dabba, a manne su da danƙon da aka dafa daga fata ko kayan cikin kifi. Yana da gajarta da ƙarfin gaske, amma ransa duka yana ga mannen nan, shi kuwa mannen ba ya jure zafi mai haɗe da danshi. A 1388 Sarkin Koriya ya tura ɗaya daga cikin manyan kwamandojinsa, Yi Seong-gye, ya kai yaƙi ƙasar Sin. Kwamandan ya kawo dalilai huɗu na ƙin tafiyar, ɗaya daga ciki shi ne lokacin damina ne, mannen bakunkuna zai saki, cuta kuma ta kama mayaƙa. Da aka tilasta masa ya tafi, sai ya tsaya a tsibirin Wihwa, ya juyo da rundunar ya kama babban birni, a 1392 ya hau gadon sarauta. Watau lafiyar baka tana cikin abubuwan da ake aunawa kafin a fita yaƙi.

Bakan zamani da ake wasanni da shi, irin wanda ake harbi da shi daga nisan mita 70 a wasannin Olamfik, jikan wancan ne ta fuskar gini. Rassansa falle-falle ne na itace da zaren gilashi ko na gawayi, an manne su da danƙon masana'anta. Danshi bai cika damunsa ba, amma zafi mai tsanani yakan sa mannen ya yi laushi, fallayen su rabu, ko reshe ya murɗe ya karkace. Akwai kuma wanda wani Ba'amurke mai suna Holless Wilbur Allen ya ƙago, ya sami takardar mallakarsa a 1969, mai 'yan fayafayai masu juyawa a ƙarshen kowane reshe. Shi wannan kullum a ɗame yake zama, kuma ba a kwance shi da hannu sai da na'urar matsewa ta musamman. Tun da yake ba ya samun hutu daga ja, zafi ya fi saurin yi masa illa, igiyoyinsa su miƙe, saitinsa ya ɓaci. Wanda ya sayo irin wannan da kuɗi masu yawa, ya sani kuɗin ba su sa ya fi ƙarfin rana ba.

Babban makashin irin waɗannan bakunkuna shi ne mota. A 2005 masu bincike a Jami'ar Stanford ta Amurka sun buga sakamakon awon da suka yi na motar da aka rufe aka bari a rana. Sun tarar cikin sa'a guda zafin cikinta yakan ƙaru da wajen digiri 22 bisa na waje, mafi yawan ƙarin kuma cikin rabin sa'ar farko yake aukuwa, sa'an nan ɗan sauke gilashi bai hana kome ba. Mai karatu ya yi lissafi: in waje yana digiri 40, cikin mota zai haura 60. Mutumin da ya bar baka a but ko a kujerar baya ya shiga kasuwa ko masallaci, yana iya dawowa ya tarar aikin gama ya gama. Bakan gargajiyar da aka ɗaure a saman kaya a kan babbar mota, aka yi kwana biyu ana tafiya da shi daga Arewa zuwa Kudu yana shan rana, shi ma bai tsira ba. In tafiya ta kama, a kwance shi, a naɗe shi da tsumma ko buhu, a sa shi inda inuwa take.

YADDA YA KAMATA A AJIYE SHI

Abu na farko shi ne a sassauta tsarkiya duk lokacin da aka gama aiki. Mai gadin da ya kwana da bakansa a ɗame, da gari ya waye sai ya kwance gefe ɗaya, da magariba ya mayar. Aikin minti ɗaya ne, amma yana ƙara wa baka shekaru.

Na biyu, a zaɓar masa wuri. Ma'aunin mai sauƙi ne: inda mutum zai iya kwanciya da tsakar rana ya yi barci, nan baka zai zauna lafiya. A nisanta shi daga kwano, da murhu, da injin ba da wuta, da tagar da rana ke shigowa, da bangon da rana ke duka da yamma. Kada kuma a ajiye shi a ƙasa, saboda sanyin daɓe da gara.

Na uku, a lura da yadda ake ajiye shi. Mafi kyau a kafa ƙusa ko turaku biyu a bango, a ɗora shi a kwance a kansu, nauyinsa ya rabu daidai. Jingine shi a lungu da ƙafa ɗaya a ƙasa yakan sa reshen ƙasa ya karkace a kwana a tashi. Kada a rataye shi da tsarkiyarsa, kada kuma a ɗora masa kaya.

Na huɗu, mai. Man kaɗanya ko man shanu kaɗan, a murza shi a jikin itacen da tafin hannu har ya shige, musamman gab da shigowar hunturu da gab da saukar damina. Mai ba ya hana danshi shiga da fita ɗungum, amma yana rage saurinsa, saurin nan kuwa shi ke tsaga itace. Tsarkiyar fata ita ma tana son mai kaɗan, ta zamani kuwa kaki ake goga mata. Bakan zamani ba a shafa wa rassansa mai, goge shi kawai ake yi da busasshen ƙyalle.

Na biyar, bakan da ya daɗe a ajiye, ko wanda ya sha zafi, ba a ɗaukarsa a ja shi gaba ɗaya. In da zafi a jikinsa a bar shi ya huce da kansa a inuwa, ba a zuba masa ruwa. Sa'an nan a bi shi da ido da ɗan yatsa daga wannan ƙarshe zuwa wancan, ana neman tsaga, ko sartse, ko ƙananan huji masu zubar da gari. In babu, a ɗaura tsarkiya a ja kaɗan-kaɗan sau da yawa, ana kasa kunne. In aka ji ƙara kamar ta karyewar tsinke, a dakata, wannan bakan ya gama aikinsa. Ba a kuma taɓa sakin tsarkiya babu kibiya, domin ƙarfin da ya kamata kibiya ta tafi da shi sai ya koma jikin bakan ya fasa shi.

KWARI DA YARA

Ajiyar baka ba ta cika sai an haɗa da ta kwari. Ƙyauron kibiya yakan karkace a zafi kamar yadda baka ke yi, bakinta kuma yakan yi tsatsa a danshi, saboda haka inda ya dace da baka nan ya dace da kwari. Amma abin da ya fi wannan nauyi shi ne dafi. Dafin da ake haɗawa da 'ya'yan kwankwani zuciya yake kamawa, kuma daɗewa ba ta kashe shi da wuri, shi ya sa ma'aikatan gidajen tarihi har yanzu ba sa taɓa tsofaffin kibau da hannu tsirara. A tafiyar da David Livingstone ya yi a kogin Zambezi tsakanin 1858 da 1864, likitan tawagar, John Kirk, ya ajiye irin wannan dafi wuri ɗaya da burushin goge haƙoransa. Ɗan abin da ya taɓa burushin ya isa ya sa ya ji bugun zuciyarsa ya ragu. In haka ya sami babban mutum, likita, ina ga yaron da ya zaro kibiya yana wasa da ita?

Don haka kwari a rufe bakinsa, a rataye shi inda hannun yaro ba ya kaiwa ko da ya taka kujera, nesa da abinci da randar ruwa. In da hali a raba shi da bakan, kowanne da wurinsa, a ɗakin da ake kullewa. Mai gadin da ke zaune a gidan da yaran maigida ke shiga ɗakinsa suna fita, wannan nauyi ya fi hawa kansa.

A 1545 wani jirgin ruwan yaƙi na Ingila mai suna Mary Rose ya nutse kusa da Portsmouth. Da aka tsamo shi a 1982, cikin kayan da aka samu har da bakunkuna fiye da 130 waɗanda ba su karye ba, da yawansu a kwance cikin akwatuna. Shekara 437 suka yi a cikin laka, inda babu rana, babu iska, babu canjin yanayi, suka fito da siffarsu. A nan kuwa bazara ɗaya a ƙarƙashin kwano ta isa ta gama da bakan da mutum ya gada daga mahaifinsa. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Duk mai baka ya tashi yau ya duba inda ya ajiye shi, tun dare bai yi ba. Allah ya kiyashe mu da sakaci, amin.